Yadda Za Ka Gano Abin da Ke Cinye Samfurinka Idan Kana Fitar da Ƙofofin Kabad da Rauta

Duk kafintan da ke aikin kabad ɗin kicin ko wadirob ɗin amare ya san wannan matsalar. Ƙofofin farko sun fito tsaf, amma da aka jera su gaba ɗaya sai ga wata ta fi wata faɗi, lanƙwasar saman wannan ta ƙi haɗuwa da ta kusa da ita. Sau da yawa ba a lura a shago. Sai an kai gidan mai aiki an ɗaura hinji, hasken taga ya bugi kabad ɗin, sannan tazarar da ke tsakanin ƙofofi ta tona asiri: a sama ta matse, a ƙasa ta buɗe baki. Tazarar nan milimita 2 zuwa 3 ce kawai ake bari, don haka kuskuren rabin milimita a kowace ƙofa ya isa ido ya kama shi.

Abin da aka saba yi shi ne a yi wa yaron shago faɗa, a yanko sabon samfuri, a ci gaba. Bayan ƴan kwanaki sabon ma ya lalace a daidai wurin da tsohon ya lalace. Samfuri ba ya cinyewa haka kawai, akwai abin da ke cin sa, kuma muddin ba a gano wannan abin ba, asarar allo da katako za a yi ta yi.

Yadda aikin yake

Samfuri shi ne allon da aka yanke da siffar ƙofar da ake so, ake ɗora shi a kan katako. Rauta kuwa inji ce da ke juya haƙori, wato sanda mai ƙarfen yanka, don share gefen katako. Haƙorin rauta yana da boris, ko dai a ƙarshensa ko a wuyansa, kuma faɗin boris ɗin daidai yake da faɗin ƙarfen yanka. Boris na bin gefen samfuri, ƙarfen yanka na kwafe abin da boris ya taka. Ba ya zaɓe. Idan akwai rami zai kwafe shi, idan akwai tudu zai kwafe shi. Haƙorin na juyawa sau 20,000 ko fiye a minti ɗaya, ƙananan rauta na hannu ɗaya ma suna kaiwa wajen 30,000, amma zoben waje na boris bai kamata ya bi wannan gudun ba. Da ya taɓa samfuri, aikinsa ya mirgina a hankali gwargwadon tafiyar hannunka. Rabin matsalolin da za mu bi a ƙasa daga nan suke farawa. Masu babban injin molda da ke amfani da zoben boris su ma wannan ƙa'idar ce ke aiki a wurinsu.

Mataki na 1: Tsaya, ka tabbatar da gefen da kuskuren ya karkata

Cire filogi daga soket tukuna, ba kashe makunni kawai ba. Sannan ka ɗauko ƙofar da ka fara yankewa da wadda ka yanke a ƙarshe, ka haɗa su baya da baya, ka bi gefensu da yatsa. Yatsa ya fi ido gane ɗan bambanci.

Abin da kake nema shi ne amsar tambaya ɗaya: ƙofar ƙarshe ta ragu ne ko ta ƙaru? Idan ta ragu a wani wuri, boris ya nutse cikin samfuri a wurin, wato samfurin ya cinye da gaske, ko kuma ya zame. Idan ta ƙaru, samfurin bai cinye ba, ko da kuwa ya yi baƙi ya tsufa. Ko dai ya kumbura da danshi, ko datti ya taru a kan boris ya ƙara masa kauri, ko an wasa haƙorin har ya fi boris ƙanƙanta. Ga ƙofar da ake fafe mata tsakiya don a saka gilashi, lissafin juyawa yake: samfurin da ya cinye yana sa ramin ya ƙara faɗi.

Daga nan ka koma kan samfurin kansa. Inda gefe yake miƙe, kara masa rula ta ƙarfe ka ɗaga sama wajen haske, duk inda haske ya ratsa ka yi alama da alli. Inda yake da lanƙwasa mai gefe biyu iri ɗaya, kamar bakan da ake yi a saman ƙofa, ɗora shi a kan farin allo ka zana da fensir mai tsini, ka kifa shi ka sake zanawa a kan layin farko. Inda layukan suka rabu, nan ciwon yake.

Mataki na 2: Karanta irin ciwon

Kowane irin ciwo da mai jawo shi, kuma yana barin shaida.

Idan ka ga layi baƙi ya ratsa gefen samfurin, yana ƙaurin ƙuna, boris ya maƙale yana juyawa tare da haƙori. Irin wannan yana iya lalata samfuri a ƙofa ɗaya tak.

Idan kwari ne mai santsi da sheƙi, babu ƙuna, faɗinsa daidai da kaurin boris, dannawa ce ta yi yawa. An fi ganin sa a samfurin MDF, wato allon da ake haɗawa da garin katako da gam, domin fuskokin MDF biyu suna da tauri amma tsakiyarsa ta fi laushi, kuma a tsakiyar nan boris ke bi.

Idan yanka ne mai kaifi, kamar an ɗebe da kurfi, ƙarfen yanka ne ya taɓa samfurin. Ko saitin tsayi bai yi daidai ba, ko rauta ta karkata a hannu, ko an ɗaga ta kafin ta tsaya.

Kusurwar da ta dakushe ta zama kewaye, ita kuma daga yadda ake shan kwana ne. Gefen da ya yi gashi-gashi ya kumbura, ruwa ne ko danshi. Idan kuwa ka duba ko'ina samfurin lafiyarsa ƙalau amma ƙofofi ba su daidaita ba, tsallaka zuwa mataki na 3 da na 6.

Mataki na 3: Boris

A nan zan daɗe, domin a ganina boris ne ya fi kowane abu cinye samfuri a shagunanmu, kuma shi ne abin da aka fi rainawa saboda ƙanƙantarsa.

Cire haƙorin daga rauta ka riƙe a hannu. Juya boris da ɗan yatsa a hankali. Mai lafiya yana juyawa sumul, babu ƙara, da ɗan nauyi kaɗan na giris ɗin da ke ciki. Idan ka ji kamar akwai yashi a ciki, ko yana tsayawa a wani wuri ya wuce, ya mutu. Idan kuma yana gudu fiye da kima yana ƙarar ƙarfe, giris ɗinsa ya ƙare, ya kusa mutuwa. Sai ka girgiza shi gefe da gefe. Duk wani motsi da ka ji, wannan motsin zai bayyana a jikin ƙofa kamar ƙananan igiyoyin ruwa.

Abin da ke kashe boris a Kano ba ɓoyayye ba ne. Ƙurar MDF laushi gare ta kamar gari, tana shiga ko'ina, ga ƙurar hunturu a kai daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan kuma da haƙori ɗaya kake fitar da ƙofa kake kuma gyara bakin fomeka, gam ɗin fomekar yana narkewa da zafi ya shige cikin boris ya daskare. Shawarata ita ce ka ware haƙori ɗaya don aikin samfuri kaɗai, kada ya taɓa ganin gam.

Wajen wankewa, kwance ɗan sukurun da ke riƙe boris da alanki, ka cire boris ɗin gefe, sannan ka wanke ƙarfen yanka da kananzir ko tina da tsohon buroshin haƙori. Kada ka jiƙa boris a cikin fetur ko tina. Zai fito yana gudu kamar sabo, amma giris ɗin cikinsa ya wanke, ba zai jima ba zai ƙone. Goge bayansa da tsumma kawai, ka kankare abin da ya manne da farce ko guntun katako, ka ɗiga masa ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, ka goge rarar don kada ta ɓata katako. Kada kuma ka hura masa iskar kwamfuresa yana ta juyawa babu kaya.

Wajen mayarwa akwai wata ƴar washa, wato siririn zoben ƙarfe, da ke zama tare da boris a yawancin haƙora. Gefenta mai ɗan tudu shi ke kallon zoben ciki na boris. Idan aka kifa ta, ko ta faɗi aka maye gurbinta da wata mai faɗi, tana danne zoben waje, sai sabon boris ya ƙi juyawa da zarar an ɗaure sukuru. Saboda haka bayan ka ɗaure, sake juya shi da yatsa kafin ka mayar cikin inji.

Sai maganar sayen sabo. Haƙorin da aka fi amfani da shi mai faɗin rabin inci ne, wato milimita 12.7, kuma da yawa daga cikinsu ramin boris ɗinsu milimita 4.76 ne. Akwai wani boris mai milimita 13 a waje da 5 a ciki wanda ido ba ya bambanta shi da wancan. Zai shiga, zai ɗauru, amma yana da lilo a kan sandarsa kuma ya fi ƙarfen yanka faɗi. Idan za ka shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa neman boris, tafi da haƙorin gaba ɗaya a aljihu, a gwada a gabanka, in da hali a auna da ma'aunin kauri irin na masu aikin ƙarfe. Sayi biyu ko uku ka ajiye. Kuɗinsu bai kai kuɗin ƙofa ɗaya da ta lalace ba.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: duk lokacin da aka wasa haƙori, faɗinsa na raguwa kaɗan, boris kuwa yana nan yadda yake. Bayan wasawa biyu ko uku, haƙorin ba ya share katako daidai da samfuri, yana barin ɗan tudu. Gwajinsa mai sauƙi ne. Kara rula a jikin boris da bakin ƙarfen yanka lokaci guda, ya kamata ta taɓa su duka biyun. Irin wannan haƙorin bai zama shara ba, amma kada ka fara aikin kabad ɗaya da sabo ka ƙarasa da wasasshe.

Kafin ka bar wannan matakin, mayar da haƙorin ka duba riƙonsa. Aƙalla kashi uku cikin huɗu na sandarsa ya shige cikin kolet, wato bakin rauta da ke riƙe haƙori, amma kada ya dire a ƙasa, ja shi baya kamar milimita 2 kafin ka ɗaure. Sanda mai milimita 12 ba ta zama a kolet ɗin 12.7, haka mai 6 ba ta zama a na 6.35, ko da kuwa ta yi kamar ta ɗauru. Haƙorin da ke lilo yana dukan samfuri dubban sau a minti, kuma yana iya zamewa ya fito.

Mataki na 4: Tsayin haƙori

Inji a kashe, ɗora rauta a kan aikin ka sunkuya ka duba daga gefe. Ana son kaurin boris gaba ɗaya ya zauna a kan gefen samfuri, ƙarfen yanka kuma ya rufe kaurin ƙofa ya ɗan wuce da kamar milimita 1, ba fiye ba. Idan rabin boris ne kawai ya kama samfuri, nauyin duka ya taru a kan siririn layi, nan da nan zai yi kwari. Idan ƙarfen yanka ya hau samfuri da yawa, to duk ranar da rauta ta ɗan karkata zai ɗebe shi.

Wannan ne ya sa ba na son samfuri mai kaurin milimita 6. Yana da arha da sauƙin gogewa, amma babu wurin da za a motsa. Mai 12 ya fi, ga kuma wata riba: idan layin da boris ke bi ya fara sheƙi, kana iya ɗaga shi ko sauke shi kaɗan ya koma kan sabon wuri.

Duba makullin tsayin rautar ma. Wasu sukan saki a hankali saboda girgiza, haƙori ya yi ta sauka ba a sani ba. Yi alama da fensir a jikin sandar rauta, ka riƙa dubawa.

Mataki na 5: Rarar katako da tafiyar hannu

Rauta ba zarto ba ce. Aikinta share ɗan abin da zarto ya bari. Zana siffar a kan katako, ka yanke da jigso ko zarton bel a wajen layi, ka bar milimita 2, in ya yi yawa 3. Na sha ganin an bar santimita guda ko fiye don gaggawa, ana cewa inji zai cinye. Zai cinye, amma sai mai riƙe da shi ya danna da ƙarfinsa duka don kada haƙori ya ture shi, kuma wannan ƙarfin a kan gefen samfuri yake sauka. Ga zafi, ga girgiza, ga haƙori na dakushewa da wuri. Mintunan da aka ce an rage a wajen zarto, a wajen sake samfuri ake biyan su.

Dannawar da ake buƙata ita ce wadda za ta hana boris rabuwa da samfuri, shi ke nan. Idan ka ga dole sai ka danna fiye da haka, ko haƙori ya dakushe ko rara ta yi yawa. Katakon loko musamman yana da ƴan duwatsun farar ƙasa a cikinsa masu saurin kashe kaifi, gam ɗin da ke cikin MDF da filawud ma haka. Ƙaramin janareto ko wuta mara ƙarfi su ma suna rage wa rauta gudu, za ka ji muryarta ta sauka idan ta shiga katako. A irin wannan lokacin rage abin da kake ɗiba, kada ka ƙara ƙarfin hannu.

Alƙiblar tafiya: idan rauta a hannu take kuma kana bin gefen waje, ka zagaya saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. Idan cikin rami kake bi, ka bi hannun agogo. Idan rautar a kife take ƙarƙashin tebur, tura aikin daga dama zuwa hagu. Bin ɗaya alƙiblar yana sa inji ya fizge, kuma fizgar ce ke jefa ƙarfen yanka cikin samfuri, wani lokaci cikin yatsa.

Kada ka tsaya wuri ɗaya inji na gudu, nan ƙuna ke farawa. A kusurwa kuma kada ka yi kwana da boris a manne kamar mai zagaya shataletale. Wuce kusurwar kai tsaye ka fita, sannan ka shigo ɗaya gefen daga waje. Idan ka gama, janye rauta gefe tukuna, ka kashe, ka jira ta tsaya cak kafin ka ɗaga. Yawancin yankan da ake gani a bakin samfuri a lokacin ɗagawa ake yin su.

Idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar yanka, abu na farko shi ne ka kashe makunni ka janye haƙori daga katako. Rautar da aka bari a kunne za ta tashi da kanta idan wuta ta dawo.

Ga masu aiki da katako na gaske, irin su malaina ko maɗaci, bakan saman ƙofa yana da wata matsala tasa. Rabin bakan kana bin jijiyar katako, ɗaya rabin kana tunkararta, kuma a wannan rabin ne katako ke tsagewa, inji ya yi tsalle. Maganinsa haƙori mai boris biyu, sama da ƙasa: ka yanke rabin da ke bin jijiya, ka kifa aikin tare da samfurinsa, ka sauya tsayi, ka yanke ɗaya rabin.

Mataki na 6: Riƙo

Samfurin da ya zame da rabin milimita yana ba da sakamako iri ɗaya da wanda ya cinye. Kafin ka fara yanka, zana ƴan gajerun layuka da fensir da suka ratsa daga samfuri zuwa katako a wurare biyu. Bayan ka gama ka duba ko layukan suna nan a haɗe.

Salatif mai manne gefe biyu yana aiki, amma sai an goge ƙura tsaf kafin a manna, kuma a zafin bazara, lokacin da Kano ke haura digiri 40, gam ɗinsa na saki. Sukuru ya fi aminci. Dabarar ita ce ka ɗaura shi ta bayan ƙofa, a daidai inda za a huda ramin hinji mai faɗin milimita 35, don ramin ya haɗiye tabon. Kada sukurun ya shiga ƙofa fiye da milimita 10, kuma ka tabbata ya yi nesa da hanyar haƙori. Ramukan sukuru a jikin samfurin MDF su ma suna buɗewa da yawan ɗaurawa da kwancewa. Idan ka ga sukuru na lilo, ɗiga wa ramin sufa gulu ko ka huda sabo.

Idan ƙofofin suna da yawa, gina wa samfurin gindi mai katakan tokara a gefe biyu da kilam, wato abin matsewa, a sama, kowace ƙofa ta zauna wuri ɗaya. Manna guntun samfefa a inda ƙofar ke kwanciya don kada ta motsa.

Mataki na 7: A gyara ko a jefar

Sai bayan ka kawar da abin da ya jawo ciwon za ka taɓa samfurin. Ƙaramin yanka ko kwari mara zurfi yana gyaruwa da bodi fila irin ta masu gyaran jikin mota, ko gam mai haɗi biyu irin Araldite. Kankare wurin ya yi kaushi, cika shi ya ɗan yi tudu, bari ya bushe sosai, sannan ka goge da samfefa da aka naɗe a jikin katako miƙaƙƙe, ko mai lanƙwasa idan wurin baka ne. Samfefa a tafin hannu tana bin ramin ne, ba ta gyara shi. Filar da kafintoci ke cike ramin ƙusa da ita ba ta da taurin da za ta jure boris, kada ka ɓata lokacinka.

Idan ɓarnar babba ce amma wuri ɗaya, yanke wurin murabba'i, manna guntun katako mai tauri, ka share shi daidai da sauran. Amma samfurin da ya kumbura da ruwa, ko ya bauɗe, ko kwari ya zagaye shi gaba ɗaya, jefar da shi. MDF da ya sha ruwa ba ya komawa yadda yake ko ya bushe.

Ƙofofin da aka riga aka yanke fa? Waɗanda suka ƙaru, gyaransu sauƙi: mayar da su kan samfuri mai kyau a sake sharewa. Waɗanda suka ragu kaɗan, haɗa masu kama da juna su zama maƙwabta, sauran a gyara da sukurun saitin hinji, wanda ke iya matsar da ƙofa kamar milimita 2 hagu ko dama. Wadda ramin ya fito fili a bakanta, idan fenti za a yi mata fila za ta rufe, idan kuwa banish ne a kan katako, gara a sake ta da a kai wa mai aiki ya gani da idonsa.

Mataki na 8: Uwa da ƴaƴa

Wannan shi ne abin da nake so kowane shago ya ɗauka ko da ya bar sauran. Kowace siffar ƙofa ta kasance tana da uwar samfuri guda ɗaya, wadda aka ɓata lokaci aka goge ta har ta yi daidai. Uwa ba ta zuwa kan katakon aiki. Ranar da za ta ga inji ita ce ranar da za a fitar da ƴaƴa daga jikinta, da boris da aka tabbatar da lafiyarsa, maigida da kansa ko babban yaronsa ke riƙe da rauta. Fitar da biyu ko uku lokaci guda, da su za a yi aiki. Rubuta a jikin uwa da babban baƙi cewa ba ta aiki ba ce, da awonta da kwanan wata.

Kada a taɓa fitar da sabon samfuri daga jikin wanda ya yi aiki, balle daga jikin ƙofar da aka yanke. Yin haka kamar mai awon hatsi ne da ya kai lotsattsen kwanonsa a ƙera masa sabo irinsa: tawayar ta zama ita ce ma'auni.

Wajen zaɓen allo, MDF ya fi sauƙin gogewa, shi ya sa ya dace da uwa. Ga ƴaƴa, filawud mai kyau mai yawan falle ya fi jurewa, amma ka duba bakinsa tun a Na'ibawa ko Rijiyar Lemo kafin ka biya, domin mai rami tsakanin falle boris zai faɗa ciki. HDF ma, wato irin MDF ɗin da aka fi matsewa, ya fi MDF tauri. Gilashin roba mai kauri yana daɗewa kuma kana hango katako ta cikinsa, sai dai boris ya maƙale sau ɗaya ya narkar da bakinsa. Guntayen da suka rage daga allo mai ƙafa 4 da 8 sun isa wannan aikin, ba sai an fasa sabo ba.

Idan da MDF za ka yi ƴaƴan, taurara bakinsu. Bi gefen da sufa gulu mai ruwa-ruwa, ka bari ya tsotse har ya daina sha, ya bushe, ka goge sama-sama da samfefa mai lamba 220, ka sake shafawa. Yi shi a waje inda iska ke kaɗawa, tiririnsa na shiga ido. Silar da ake shafawa kafin banish ma tana taimakawa, ko da ba ta kai shi ba. Bayan an goge, sake kara ɗan da uwa ka tabbata bai ƙaru ba. Ɗan goga kyandir a gefen yana sa boris ya tafi sumul. Masu manna siririn fomeka ko alminiyam a baki su tuna cewa kaurinsa ya ƙaru a kan awo, sai an rage shi tun wajen yanka.

Abu biyu kuma wajen tsara samfurin. Ƙara masa tsawon santimita 5 zuwa 8 a farkon yanka da ƙarshensa, don boris ya sami wurin sauka kafin ƙarfe ya taɓa katako. Sannan kada ka wahalar da shi a kan gefen da yake miƙe. Zarton tebur ya fi rauta fitar da miƙaƙƙen gefe, a bar wa samfuri lanƙwasa kaɗai.

Ajiya da duba lokaci-lokaci

A damina, musamman Agusta, samfurin da aka jingina a ƙasan siminti yana shan danshi ta gindinsa. A hunturu kuma wanda aka yi da katako yana ƙanƙancewa ya bauɗe. Huda musu rami a rataye su a ƙusa, nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙewa da inda rana ke duka. A shafe fuskokin biyu da sila, ba ɗaya ba, domin allon da aka rufe wa fuska ɗaya lanƙwashewa yake.

Lokacin da ayyukan kayan ɗaki ke yawa, gab da azumi da bayan salla da ƙarshen shekara, shi ne lokacin da samfuri ɗaya ke fitar da ƙofofi masu yawa a jere, shi ne kuma lokacin da babu mai son tsayawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a fitar da ƴaƴa a tanadi boris tun kafin aiki ya taso. Idan an fara, a sa wa kowace ƙofa lamba ta baya da fensir, kuma bayan kowace biyar a kashe inji, a cire filogi, a juya boris da yatsa a ji ko ya yi zafi, a kara ɗan da uwa. Yaron da ke koyo a nuna masa wannan dubawar tun ranar da aka fara ba shi rauta, a kuma gaya masa a fili cewa idan ya taɓa samfuri da haƙori ya faɗa nan take. Wanda yake tsoron faɗa ɓoyewa zai yi, ƙofofi goma su bi ta kan ramin. A ba shi takunkumin hanci da tabarau da abin toshe kunne, ƙurar MDF tana ɗauke da gam ɗin da aka haɗa allon da shi kuma tana shiga huhu, kuma kada ya tsaya gaban inji da riga mai sakakken hannu.